Kafin Ku Sayi Kwalba Ta Uku: Tari Iri-iri Ne

 

Tun da damina ta kankama a nan Ibadan, babu abin da ake nema a kantunan magani na Sabo da Mokola kamar maganin tari. Yawanci ma ba mai tarin ne ke zuwa ba, yaro ake aikowa da kuɗi a hannu a ce ya karɓo "na kwalba, mai ƙarfi". In aka tambaye shi wa ke tarin, kwana nawa ya yi yana yi, busasshe ne ko mai kaki, sai ya ce shi dai aiko shi aka yi. Alhali kuwa amsar waɗannan tambayoyi ce ke nuna ko mutum zuma da ruwan ɗumi yake buƙata, ko kuwa asibiti ya kamata ya nufa yau ɗin nan.

Shi tari a karan kansa ba cuta ba ne. Hikima ce da Allah Ya sanya wa jiki don share hanyar numfashi. Idan ƙura, ko hayaƙi, ko majina, ko ɓurɓushin abinci ya taɓa jijiyoyin da ke maƙogwaro zuwa cikin huhu, sai su kai saƙo ƙwaƙwalwa. Nan take mutum ya ja iska, bakin maƙogwaro ya rufe, naman ƙirji da na ciki su matse, sannan ya buɗe iskar ta fito da ƙarfi ta kwaso abin da ya shiga. Saboda haka duk wanda ya dage sai ya kashe tari ba tare da ya san abin da ke tayar da shi ba, ya yi kamar mai kashe ƙararrawa ya bar ɓarawo a cikin gida.

Mafi yawan tarin da ke damun mutane na mura ne, kuma ƙwayar bairos ce ke kawo shi. Yana zuwa da atishawa, toshewar hanci, ƙaiƙayin maƙoshi, wani lokaci da ɗan zazzaɓi. Murar takan tafi cikin mako guda, amma tarin yakan yi saura, har ya kai mako biyu zuwa uku, yana raguwa kaɗan-kaɗan. Wannan "yana raguwa" ɗin ku riƙe shi da kyau, za mu dawo kansa. Irin wannan tari jiki ne ke warkar da shi da kansa. Abin da ke taimakawa shi ne yawan shan ruwa mai ɗumi, shayin citta da lemon tsami, da cokali guda na zuma kafin kwanciya. Ni a ganina zuma ta fi yawancin kwalaben da ke jere a kanta amfani ga tarin mura, ga ta kuma da sauƙin samu a wajenmu. Sharaɗi ɗaya ne: kada a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba, domin takan ɗauko wata ƙwayar cuta da hanjinsa bai iya yaƙa ba tukuna, ta shanye masa jiki. Ko ɗan lasawar nan da kakanni ke yi wa jariri, a haƙura da ita.

Sai batun kafso. Da zarar kaki ya zama rawaya ko kore, sai a ce sanyi ya nuna, a nemo Ampiclox ko ja-da-yalo. Launin kaki shi kaɗai ba ya nuna cewa bakteriya ce. Sojojin jiki ne da suka yi yaƙi suka mutu ke rina shi, ko a mura ma haka yake yi. Antibayotik ba ya taɓa bairos ko kaɗan. Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne masu shan sifro ko lebofuloksasin don tari. Waɗannan magunguna suna ɗan raunana ƙwayar tarin fuka ba tare da sun kashe ta ba. Mai ɗauke da ita zai ji sauƙi na kwana goma, ya ɗauka ya warke, gwaji ma ya iya kasa ganinta a lokacin, ita kuwa tana nan tana koyon yadda za ta bijire wa maganin da za a buƙata nan gaba.

To ga mu a kan tarin fuka, wato tibi, kuma a nan zan ɗan daɗe. A littattafan likitanci sai tari ya wuce mako takwas ake kiransa daɗaɗɗe. Amma a Najeriya ba a jiran wannan. Ƙa'idar hukumar yaƙi da tarin fuka ta ƙasa ita ce duk wanda ya yi mako biyu yana tari a gwada kakinsa, domin ƙasarmu ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu wannan cuta. Ko da kuna ganin tarin mura ne da ya yi saura, gwajin kyauta ne, babu asarar da za a yi. Idan kuwa tarin ba raguwa yake yi ba, ga zazzaɓi mai zuwa da yamma, ga gumin dare har riga ta jiƙe, ga rama da rashin cin abinci, ko aka ga jini a kaki, to ba sai an jira mako biyun ya cika ba.

Mu mutanen Sabo muna da dalili na musamman na lura da wannan. Tun da aka kafa unguwar a 1916, gari ne na baƙi: fataken goro da na shanu su sauka a gidan maigida, su yi kwanaki ko watanni, su koma. Har gobe haka abin yake, sai dai yanzu an ƙara da direbobin manyan motoci, masu kayan gwari, 'yan acaba da samari masu neman na kansu. Ɗaki ɗaya mutum shida, takwas, an toshe taga saboda sauro. Ita kuwa ƙwayar tarin fuka ta iska take bi. Mai ita ya yi tari, ta daɗe tana shawagi a ɗakin da iska ba ta ratsawa, na kusa ya shaƙa. Ba a ɗaukarta ta kwano ko kofi ko musabaha, don haka ware wa mara lafiya kwanonsa babu abin da yake ƙarawa sai ɓacin rai. Buɗe taga da barin rana ta shiga ɗaki sun fi wannan amfani nesa ba kusa ba. Ba gado ba ce, ba sammu ba ce, ba kuma gashin mage ne mutum ya haɗiya ba. Abin da ya sa ake ganinta tana bin dangi shi ne iska ɗaya suke shaƙa. Akwai kuma nau'in da ake samu daga shanu ta hanyar madarar da ba a tafasa ba, masu harkar dabbobi su kula.

Gwajin ba wuya: a ba ka ɗan mazubi ka tofa kakin da ya fito daga ƙirji, ba yawu ba. Na'urar GeneXpert tana gano ƙwayar cikin kamar awa biyu, ta kuma faɗi ko mai bijire wa magani ce, ko da yake karɓar sakamako kan ɗauki kwana ɗaya ko biyu saboda layi. Ana yi a asibitin koyarwa na UCH, da asibitin ƙirji na gwamnati da ke Jericho, kuma cibiyoyin lafiya na matakin farko da dama suna karɓar kaki su aika. Wanda bai san inda zai dosa ba ya kira 3340, kyauta ne. Za a nemi a yi maka gwajin HIV tare, kada ka ɗauka zargi ne, kowa ake yi wa. Masu ciwon suga su ma su sani cewa cutar ta fi saurin kama su.

Magani ma kyauta ne, wata shida: wata biyun farko magunguna huɗu a haɗe cikin ƙwaya, wata huɗun ƙarshe guda biyu. Fitsari da gumi za su koma ja-ja kamar ruwan lemo. Rifamfisin ne, ba jini ba ne. Amma idan idanu suka yi rawaya ko amai ya ƙi tsayawa, a koma asibiti ranar. Uwargida mai shan ƙwayar tazarar haihuwa ko mai ashanar hannu ta gaya wa ma'aikatan, domin rifamfisin yana rage musu ƙarfi, ciki zai iya shiga ba shiri. Yaran gida, musamman 'yan ƙasa da shekara biyar, a kai su a duba. Akwai maganin kariya da ake ba su.

Inda gizo ke saƙar shi ne wata na biyu zuwa na uku. Tari ya tsaya, jiki ya murmure, ga Sallah ta matso ko lokacin noma ya yi, sai mutum ya hau mota zuwa Arewa ya bar sauran maganin. Malam, ƙwayar ba ta mutu ba, kwanciya ta yi. Idan ta farka takan dawo da taurin kai, maganin farko ya daina yi mata komai, sai an koma wasu masu tsanani da tsawon lokaci. A UCH ɗin nan namu aka buɗe sashen farko a ƙasar nan na kwantar da masu irin wannan tarin a 2010, kuma ba wuri ba ne da za ka so wa ɗan'uwanka. Idan tafiya ta kama, ka faɗa a inda kake karɓar magani, su rubuta maka takardar da za ka ci gaba da karɓa a Kano, ko Sakkwato, ko duk garin da ka nufa. Masu gidajen sauke baƙi kuwa, wannan amana ce a wuyanku: yaron da kuka ji yana tari dare da rana, ku sa a raka shi gwaji, kada ku kore shi ya je ya raba wa wani gidan.

Akwai wani busasshen tari da mu masu harhaɗa magunguna muka fi kowa cin karo da shi. Hajiya ko Alhaji mai hawan jini, an ɗora shi a kan lisinofiril, ko enalafiril, ko kaftofiril, bayan mako kaɗan ko ma watanni sai wani ƙaiƙayi ya kama maƙoshi, tari babu kaki, babu zazzaɓi, ya hana barci. A sha kwalba ɗaya, a sha ta biyu, a sha ta uku, shiru. Maganin hawan jinin ne da kansa ke jawo shi ga kamar mutum ɗaya cikin goma, kuma ya fi kama mata. Babu maganin tarin da zai tsayar da shi. Kada kuma a ajiye maganin hawan jinin gaba gaɗi, shanyewar ɓarin jiki ta fi tari muni. A koma wa likita da kwalin a hannu ya canza wani, irin su losatan ko amlodifin. Tarin zai tafi cikin mako ɗaya zuwa huɗu, wani lokaci ya ɗan zarce.

Tarin da ke tasowa idan an kwanta bayan an cika ciki da tuwo da yaji, tare da ƙwannafi ko ɗaci a baki da asuba, daga ciki yake, ruwan tsamin ciki ne ke haurowa maƙogwaro. A ci abincin dare da wuri, a bar awa uku kafin kwanciya, a ɗaga kan gado. Wanda kuma ke zuwa da tsakar dare ko goshin asuba, ƙirji ya ɗaure, numfashi yana fito, musamman bayan shara, gudu ko shaƙar turare, a binciki asma. A Arewa ƙurar hunturu ce ke tayar da ita. A nan kudu danshin damina ya ƙaru a kai, da fumfunar da ke fitowa a bango da ƙasan katifa, da kyankyasai. Abin shaƙa na asma ba ya "kama jiki" kamar yadda ake tsoratar da mutane, shi ne ma ya fi ƙwaya da allura sauƙi ga jiki, tunda kai tsaye huhu yake zuwa.

Hayaƙi kuwa ba sai na ja magana ba. Mai tukubar tsire da ke tsaye a kan wuta tun la'asar har tsakar dare, mai tuyar ƙosai da itace, mai shan sigari ko shisha, duk huhunsu na biyan bashi a hankali. Uwargida, na san turaren wuta martabar ɗaki ne, ba zan ce ki daina ba, amma ki turara taga a buɗe, yara ba sa ciki. Haka maganin sauro na kunnawa. Gidan sauro ya fi shi. Dattijon da ya daɗe yana shan taba, idan salon tarinsa ya canza, ko murya ta dushe ta ƙi dawowa, ko ya ga jini, hoton ƙirji yake buƙata.

Wani tarin kuma ba daga huhu yake ba, daga zuciya ne. Idan ta gaza tura jini yadda ya kamata sai ruwa ya taru a huhu. Alamarsa mutum ba ya iya kwanciya sai ya tara matasai, yana farkawa da haki, ƙafafu sun kumbura. Ina so masu jego da iyayensu mata su ji wannan da kyau. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka rubuta yadda ciwon zuciya bayan haihuwa ya yawaita a tsakanin matanmu. Mai jegon da ta kama tari da haki da kumburi a watannin farko, ba sanyi ne ya shige ta ba, kada a ƙara mata zafin ruwan wanka ko kunun kanwa. Kanwa gishiri ce, ƙara tara ruwan take yi. Asibiti za a kai ta, a ranar.

Yanzu yara. A wajen yaro ba ƙarar tarin ake saurara ba, numfashinsa ake kallo. Idan ya natsu, ba kuka yake ba, ki ɗaga rigarsa ki ƙirga sau nawa ƙirjinsa ke ɗagawa a minti ɗaya cur, da agogon waya. Jariri ƙasa da wata biyu, 60 ko fiye ya yi yawa. Daga wata biyu zuwa shekara ɗaya, 50. Daga shekara ɗaya zuwa biyar, 40. Idan ya kai haka, ko kika ga ƙasan haƙarƙarinsa na lomawa ciki duk lokacin da ya ja iska, ko ya kasa kama nono, ko leɓe ya yi duhu, to ana zargin limoniya, wadda ke cikin manyan cututtukan da ke kashe ƙananan yara a ƙasar nan. Wannan ita ce ke buƙatar antibayotik na gaskiya, a ma'aunin da ya dace da yaron, daga hannun ma'aikacin lafiya.

Yaron da yake wasansa lafiya lau, kwatsam ya sarƙe da tari, ku tambayi kanku me ke hannunsa. Gyaɗa, ƙwallon dabino, dutsen carbi, murfin biro, duk suna faɗawa hanyar iska, kuma tarin kan lafa bayan ɗan lokaci alhali abin na ciki. Shi ya sa ba a ba ɗan ƙasa da shekara huɗu gyaɗa guda-guda. Wanda ya kurɓi kananzir da aka zuba a gorar ruwa shi ma da tari yake farawa: kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara, domin wajen amai ne kananzir ɗin ke shiga huhu. A ɗauke shi sai asibiti.

Tarin shiƙa kuwa ba ya ɓuya: yaro ya yi ta yi a jere ba numfashi har fuska ta canza, ya ja iska da ƙara, sau da yawa ya biyo da amai. Jarirai ƙanana ba sa ma yin ƙarar, ɗauke numfashi suke yi. Allurar rigakafin da ake yi a mako 6, 10 da 14 tana kare shi, tare da mashaƙo, wadda ta yi mana ɓarna a Kano tun daga ƙarshen 2022. Ku duba katin yaranku yau. Sannan, da girmamawa ga wanzamanmu, belu ba ya kawo tari, kuma cire shi ba ya warkar da shi. Abin da yankan ke iya jawowa shi ne zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta, ga kwanakin da aka ɓata ciwon gaskiya na ci gaba.

Me ke cikin kwalbar da ake rububi? Iri biyu ne a taƙaice: mai danne tari, na busasshen da ke hana barci, da mai tsinka kaki don ya fita. Mai kaki a ƙirji ba a danne masa tari. Da yawa kuma haɗin gambiza ne, an zuba mai sa barci, da mai buɗe hanci wanda ke iya ɗaga hawan jini, ga suga mai yawa da bai dace da mai ciwon suga ba. Ƙwayoyin mura na haɗi kusan duk akwai farasitamol a ciki, wanda ya ƙara da Panadol a kai ya ninka wa hantarsa aiki. Yara 'yan ƙasa da shekara shida kuwa ba na ba da shawarar a ba su waɗannan kwalabe sam. Amfaninsu bai tabbata ba, illarsu kuwa an gani. Kada kuma a cusa wa jariri man zafi ko kafur a hanci.

Idan har za a sayi maganin ruwa, kowane iri ne, a saya a kanti mai rajista, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, a auna da murfin da ya zo da shi, ba cokalin kicin ba. Ba tsoro nake ba ku ba, tarihi ne. A 1990 yara fiye da 100 sun rasu a Jos da nan Ibadan bayan shan farasitamol na ruwa da aka haɗa da wani sinadari mai kashe ƙoda. A 2008 maganin haƙori na My Pikin ya kashe yara 84 da irin wannan guba. A 2022 kuma yara kusan 70 suka mutu a Gambiya, aka danganta abin da magungunan tari da mura da aka shigo da su daga Indiya. Alamar da aka gani a duka ita ce yaro ya daina fitsari. Duk yaron da ya sha maganin ruwa, ya kama amai, ya wuni bai jiƙa wando ba, a tafi asibiti da shi tare da kwalbar.

"Mai ƙarfi" da ake cewa a karɓo, sau da yawa kodin ake nufi. A watan Mayun 2018, bayan rahoton binciken BBC da ya nuna yadda matasa da matan aure ke kwankwaɗarsa a Kano da wasu garuruwa, ministan lafiya na lokacin, Farfesa Isaac Adewole, wanda tsohon shugaban Jami'ar Ibadan ne, ya haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Duk wanda ya miƙo muku shi ta ƙarƙashin kanta yau, kaya ne na bayan fage da babu wanda ya san abin da ke ciki. Iyaye da mazaje, idan kuna tsintar kwalaben maganin tari a bayan gado ko cikin kwandon shara, alhali ba ku ji kowa na tari a gidan ba, ku zauna da mai ɗakin cikin lalama, ku nemi taimakon likita. Wanda jikinsa ya saba da kodin ba ya iya yankewa dare ɗaya ba tare da an tallafa masa ba.

Masu aiko da tambayoyi a kan zazzaɓin yara da yadda ake auna musu magani, na ga saƙonninku, a kansu za mu zauna mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.